Kafin Ka Zuba Miliyan 2 a Soket, Ina Littafin Aikinka?

Wani mai shagon kayan sauti a kusa da Taminus da ke Jos ya rubuto yana cewa: "Ina sayar da lasifika da amfilifaya na gida, kuma duk wanda ya saya nakan tura ɗan baffana ya canza masa soket ɗin bango, ya haɗa masa kayan. A watan jiya amfilifayar wani mai saye ta ƙone, na biya shi naira 380,000 daga aljihuna. Yanzu na ga wasu soket masu ruwan zinare a intanet waɗanda aka ce suna gyara sauti, kuma ina so in zuba naira miliyan 2 in shigo da su daga Amurka, tunda babu mai sayar da su a Jos. Me ka gani?"

Malam, zan sallami maganar soket ɗin Amurka da wuri, domin ba ta cancanci dogon zance ba. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma bakin soket ɗinsu daban yake da namu mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda filoginsa ke ɗauke da fis a ciki. Soket ɗinmu na amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, alhali kayan sautin falo da wuya su ja rabin haka ko da an ƙure murya. Idan ka ga babu mai sayar da wani kaya a duk faɗin Jos, kafin ka yi murnar ka gano taska, ka fara tambayar kanka ko 'yan kasuwar da suka riga ka shekaru 20 a wannan layi duk barci suke yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne naira 380,000 da ka biya ba tare da ka san dalilin ƙonewar kayan ba. Ka ambace ta a jimla ɗaya ka wuce, kamar kuɗin shayi. Wace irin waya ce a bangon gidan? An duba ko wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, tana aiki? Soket ɗin da aka saka daga shagonka ya fito, ko ɗan baffanka ne ya saya a wani wuri ya riƙe canji? Na tabbata ba ka da amsar ko ɗaya, domin ba ka rubuta komai ba, kuma ba ka rubuta ba ne saboda kana jin nauyin neman rasit a hannun ɗan'uwa. Wannan kunyar ce ta ci maka kuɗin, kuma za ta sake ci.

Ban ce ɗan baffanka maha'inci ne ba. Mai yiwuwa laifin na gidan ne, domin a Jos ƙasar duwatsu ce a unguwanni da yawa, sai ka tarar an binne sandar wayar ƙasa sama-sama ko ma ba a binne ta ba, ga kuma tsawar damina, ga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ga janareta da ake juya layi zuwa kansa kayan suna kunne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kashe amfilifaya, kuma babu wanda soket mai ruwan zinare zai hana. Amma da yake babu takarda, duk abin da ya lalace a gidan da ɗan baffanka ya taɓa bangonsa, kai ne za ka biya, ko da shekara ta zagayo.

Na san wani mai irin sana'arka a Abuja da ya yi shekara 3 yana tura ƙanensa irin wannan aiki. Yana ba shi kuɗin waya mai kauri murabba'in milimita 2.5 ta jan ƙarfe zalla, yaron yana sayen ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ke ɗaukar zafi a bakin noti. Ranar da soket ya narke a falon wani babban mai saye, sai aka buɗe bangon aka ga wayar alminiyom ɗin, mutumin ya faɗa wa abokansa, ciniki ya tsaya cak. Abin takaicin shi ne mai shagon bai ma san gidaje nawa aka yi wa wannan aikin ba, balle ya bi su ya gyara kafin wani gidan ya kama da wuta.

Saboda haka ka sayi littafi mai kwafi biyu tun gobe. Kowane gida a rubuta sunan mai shi da kwanan wata, da yawan soket da irinsu, da kaurin wayar da aka tarar, da sakamakon gwajin wayar ƙasa, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, mai gida ya sa hannu ya riƙe kwafi ɗaya. Idan an ba shi shawarar jawo wa kayan sautin layi na daban daga akwatin rarraba wuta, don kada su haɗu da firji ko injin ruwa, ko shawarar saka sitabilaiza da na'urar kare tsawa, ya ce ba ya so, a rubuta cewa ya ƙi. Wannan layin guda ɗaya shi ne zai tsaya maka ranar rigima. Kayan aikin kuma daga shagonka za su fita a ƙirge, ɗan baffanka ya karɓi ladan aikinsa kawai.

Daga cikin miliyan 2 ɗin nan, wani ɗan kaso zai saya maka mitar gwaji mai kyau da littafin, ya kuma biya ƙwararren mai aikin wuta da ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin wutar lantarki a Najeriya, ya bi gidajen da aka riga aka yi wa aiki ya duba su. Idan ɗan baffanka ya ɓata rai don an ce a duba aikinsa, ka kai maganar gaban baffa da kanka tun kafin shi ya kai ta, ka tafi da lissafin naira 380,000 ɗin a rubuce.