Shin takardar shaidar jinyata ta Najeriya za ta yi aiki a Jamus?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi karatu a Kano kuma na yi aiki a asibiti kafin in biyo maigidana zuwa Hamburg. Tun da na zo aikin share-share kawai nake samu, kuma wasu 'yan'uwa suna ce mini takardar Najeriya ba ta da daraja a nan, gara in haƙura da ita. Shin haka ne? Daga wata mai karatu a Hamburg.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba haka ba ne, kuma ina roƙonki kada ki jingine ilimin da kika sha wahala kafin ki same shi. Tun watan Afrilun 2012 Jamus take da dokar da ta ba duk wanda ya koyi sana'a a ƙasar waje damar neman a auna takardarsa da ta ƙasar, ko daga ina ya fito. Jamusawa suna kiran wannan Anerkennung, kuma kalma ce da za ki riƙa ji a kowane ofishi kika shiga.

Jinya tana cikin sana'o'in da ba a yin su sai da izinin hukuma, kuma hukumar jihar da za ki yi aiki a cikinta ce take yanke hukunci. Abin da za ta fi dubawa shi ne bayanin darussan da kika yi, da adadin sa'o'in aji da na aiki a asibiti, tare da lasisinki na hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya. Saboda haka ki fara neman waɗannan takardu daga makarantarki tun yanzu, domin a nan ne mutane suka fi ɓata lokaci, sannan ki kai su ga mai fassara wanda hukuma ta amince da shi. Idan an ga karatunki ya bambanta da nasu, abin da yakan faru ga waɗanda suka fito daga wajen Turai, ba a rufe miki ƙofa ba: za ki zaɓi ko dai jarrabawar gwada sani, ko kuma horon cike gurbi a ƙarƙashin kulawar asibiti. Mutane da dama suna aikin mataimakan jinya da albashi a tsawon wannan lokaci.

Babban aikin da ke gabanki shi ne harshe. Kwas ɗin sabawa da ƙasa, wanda hukumar kula da baƙi ta BAMF take tallafa wa, yana da sa'o'i 600 na Jamusanci da 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasar, kuma yana kaiwa matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya harshen. Aikin jinya yana buƙatar B2, matakin da ke gaba da B1, kuma hakan daidai ne a ganina, domin wadda za ta saurari koken tsohuwa cikin dare ko ta karanta umarnin likita kan magani dole harshen ya zauna a bakinta. Akwai kwasa-kwasan Jamusancin sana'a da suke kaiwa wannan mataki.

Kada ki jira ki gama koyon harshe kafin ki nemi shawara. Shirin IQ, wanda yake taimaka wa baƙi su yi aiki da sana'ar da suka koya, yana da ofisoshin da suke ba baƙi shawara kyauta kan auna takardu, kuma hukumar samar da aiki, wato Agentur für Arbeit, tana iya ɗaukar wani ɓangare na kuɗin fassara ko na horo, sai dai ki tambaye su kafin ki biya komai. Idan takardun gida suka gagara samuwa, akwai horon jinya na shekara 3 da ake biyan ɗalibi albashi a cikinsa, amma ki gwada hanyar farko tukuna.