Amsa ga Malamar da Ta Kasa Zaɓar Aikin Ɗalibin da Za Ta Miƙa Wa Baje Kolin Fosta

Malama, sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya zama in ba ki amsa, domin halin da kike ciki na taɓa shigarsa, kuma har yau abin bai sake ni ba. Kin ce ɗalibai biyar ne 'yan ajin ƙarshe a hannunki, tsangaya ta ba kowane malami damar miƙa aiki ɗaya tak don baje kolin fostocin bincike na jami'a, kuma kin rasa ko ki ɗauki wanda ya fi samun maki ko wanda kika fi ganin wahalar da ya sha.

Ni dai shawarata ita ce ki ɗauki wanda ya yi aikin da hannunsa, wanda zai iya tsayawa gaban fostarsa na tsawon awa biyu yana amsa tambayoyin baƙi da alƙalai ba tare da ya waiwayo yana neman ki ba. Maki yana auna abin da aka rubuta a kundi, kuma dukkanmu mun san hannu nawa ke bi ta kan kundi kafin a ɗinke shi. Ki kira su ofis ɗaya bayan ɗaya, ki ba kowa minti uku ba tare da takarda ba, ya faɗa miki abin da ya nema, yadda ya nema, da abin da ya samu. Daga nan ki tambaye shi wane mataki ne ya ƙi masa. Wanda ya yi aikin da gaske zai ba ki amsar nan take, har ya faɗi ranar da abin ya faru.

Amma ba zaɓin ne ya cuce ni ba, abin da ya biyo bayansa ne. Ina da wata ɗaliba wadda ta yi aiki a kan gurɓatar ruwan rijiya, ta ɗebo samfur daga rijiyoyi da dama a lokacin damina da kuma rani, tana ƙirga ƙwayoyin cutar da suka tsiro bayan awa 24 a zafin digiri 37. Har yanzu ina ganin littafin da take rubuta sakamakonta a idona, bangonsa ya kumbura saboda jiƙewa, kowane shafi da kwanan wata a sama, kuma inda ta yi kuskure layi ɗaya take ja a kai don a iya karanta abin da ta soke. Na'urar ɗumama samfur ta ɗakin gwajinmu ta lalace a tsakiyar aikin, sai wani babban malami a sashen ya ara mata tasa na mako uku. Iyakar abin da ya yi ke nan, bai taɓa buɗe littafin nan ba, bai kuma karanta ko babi ɗaya na kundinta ba. Na miƙa sunanta, kuma da yake yana cikin kwamitin tantancewa, ta hannunsa takardar ta bi. Ranar da aka fitar da ɗan littafin tsakuren ayyukan, sai na ga sunansa a farko, sunan wani ɗalibinsa mai digiri na biyu a tsakiya, nata a ƙarshe. Na same shi a ofis, bai ko ce in zauna ba, ya ce yarinyar tana da kunya, ba za ta iya fitar da sashen kunya a gaban alƙalai ba, don haka ɗalibinsa ne zai yi bayani. Na tsaya a bakin teburinsa na kasa cewa komai, domin a lokacin takarduna na ƙarin girma suna gabansa. Ranar baje kolin ta zo da wuri, ita ta kafa fostar a allo da hannunta, sannan ta koma gefe ta tsaya tana sauraron wani yana karanta alƙalumanta. Da wani alƙali ya tambayi dalilin da ya sa ƙirgen damina ya zarce na rani, mai bayanin ya yi shiru, na ga leɓenta yana motsi da amsar, amma ba wanda ya dubi inda take. Mutumin nan har yau muna gaisawa, kuma bai taɓa nuna ya san ya yi wani abu ba. Shirun da na yi a ofishinsa shi ya fi ci mini rai.

Saboda haka, Malama, ki rubuta sunayen masu aikin a jere yadda ya kamata su fito, ki rubuta sunan wanda zai tsaya ya yi bayani, ɗalibin ya sa hannu, ke ma ki sa, sannan ki aika ta imel ga shugaban sashe domin a sami shaida mai kwanan wata. Kada ki yarda da maganar baka, ko daga wa ta fito. Idan wani ya zo da zancen cewa kayan aikinsa aka yi amfani da su, akwai ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wato ICMJE, ya shimfiɗa, wadda fannoni da dama ke dogaro da ita: marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun, ya amince da abin da aka fitar, ya kuma ɗauki alhakinsa. Wanda taimakonsa bai kai nan ba, wurinsa sashen godiya ne a ƙasan fosta. Da na san wannan da kyau a lokacin, da na sami abin faɗa.

Ki kuma duba ko cikin biyar ɗin akwai wanda ya raba wa mutane takardar tambayoyi ko ya ɗebi jini ko ya ɗauki hoton wani. Idan akwai, ki ga takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da idonki kafin ki miƙa sunansa. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar kan ɗa'ar bincike a kan mutane, ta ɗauki neman yardar mutumin da ake bincike a kansa a matsayin ginshiƙi, kuma fosta a bainar jama'a ake kafa ta. Kada kuma ki guji aikin da sakamakonsa bai fito yadda aka zata ba, muddin hanyar da aka bi sahihiya ce.

Batun bugawa ma yana kayar da mutane. Ki tambayi masu shirya taron girman allon, da kuma ko a tsaye ake so ko a kwance, domin takarda mai girman A0 milimita 841 ce da 1189, A1 kuwa 594 da 841, rabinsa ke nan. Girman haruffan rubutun ciki kada ya gaza lamba 24 a kwamfuta, jadawalin sakamako ya zama shi ne ido ke fara faɗawa a kai, kuma a fara bugawa a ƙaramar takarda a duba sunaye harafi bayan harafi. Sunayen nan dai, ki duba su da kanki.

Sauran huɗun kuwa, kada su tsinci labarin a allon sanarwa. Ki kira su ki faɗa musu da bakinki dalilin zaɓinki, ki nemi su zo ranar su taya ɗan'uwansu kafa fosta, kuma idan akwai taron ƙara wa juna sani na sashe ki sama musu gurbi a ciki. Ke ma ki je ranar, ki tsaya nesa kaɗan inda ɗalibin zai iya hango ki. Idan wani ya nemi a canza mai bayani a daren jajibirin taron, ki tura masa imel ɗin nan da kika ajiye, ki ce ba ki amince ba.