Ƙofar Corolla da ba ta buɗuwa ta waje

Malam, ka ce ƙofar direba ta tsohuwar Corolla ɗinka in ka ja hannun waje ba ta buɗewa sai ta ciki, kana tambaya ko sai ka canja makullin gaba ɗaya. A'a, kar ka sayi komai tukuna, a gida ma za ka gyara. Akwai wani siririn ƙarfe da ya haɗa hannun waje da makullin, wata 'yar roba ce ke riƙe shi, in ta tsufa ta karye sai ya zame, shi ya sa kake jin hannun sakayau babu nauyi. Ka ɗaga gilas har sama, ka kwance nocinan hannun ciki da sukundireba, ka ɓamɓare kwalin ƙofar a hankali don 'yan maƙallansa saurin karyewa ne da su, ka ɗaga ledar da ke bayan kwalin ka haska tocila za ka ga ƙarfen yana lilo. Ka mayar da shi raminsa, robar kuma ana samu wajen masu kayan gyara, in a Kano kake ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa.

Abu ɗaya dai, kar ka rufe ƙofar sai ka gwada. Tana buɗe ka tura harshen makullin da sukundireba ya kama, ka ja hannun waje ka ga ya saki, sannan ka mayar da kwali. Ni na taɓa ɗaure nawa da waya na buga ƙofa ban gwada ba, wallahi ta ƙi buɗuwa ciki da waje, kwana biyu ta kujerar mai zaman banza nake shiga.