Me ya sa ake son shirin Graham Norton haka?

Ka tambayi abin da ya bambanta Graham Norton, mai gabatar da shirin hira da taurari a talabijin ɗin BBC na Birtaniya, da masu shirin hirar dare na Amurka. Ni dai a ganina, sirrin yana kan kujerar nan. Su Jimmy Fallon baƙo ɗaya suke fuskanta, a gama da shi a kira wani. Shi kuwa Norton, tun 2007 da BBC ta fara shirin, jera baƙinsa yake yi gaba ɗaya a doguwar kujera, kowa da abin shansa. Sai hira ta ɓarke tsakaninsu, wannan ya tsokani wancan, har manyan taurari su manta da kyamara. Shi nasa ɗan zuga ne kawai.

Kada ka tashi kafin jar kujerar ƙarshe, wadda 'yan kallo ke zama a kai su ba da labari, a kifar da duk mai labari marar daɗi.