Tambayi likita: kemo ta jijiyar wuya da gyambon baki

Wata baiwar Allah daga wajen Ringim ta rubuto: likita, baban mu ne aka ce yana da kansa, wato ciwon daji, a cikin kuncinsa gefen hanci, yayanmu ya ji wai akwai kemo, wato maganin kansa, da ake sawa kai tsaye a wurin, har ana maganar sayar da gona a fita da shi waje. Gaskiya ne?

Allah ya ba Baba lafiya. Akwai shi. Kemon da aka saba ta jijiyar hannu ake sawa kamar ƙarin ruwa, ya zaga duk jiki. Shi kuma wannan wani siririn tiyo ake zurawa ta babbar jijiyar gindin cinya, ana kallo a na'urar hoto ana turawa a hankali har ya hau wuya ya isa reshen da ke ba ciwon jini, sai a saki maganin a nan, kamar mai noman rani ya buɗe wa kwami ɗaya ruwa maimakon ya malale gonar duka. Maganin yawanci cisplatin ne, mai yawa, shi ya sa ake haɗawa da wani ta hannu mai suna thiosulfate ya kashe kaifin wanda ya tsere cikin jiki saboda ƙoda, kuma tare da gashin ciwon da hasken na'ura ake yi, sau ɗaya a sati har sati 4. A Japan suna yinsa sosai ga irin ciwon Baba.

Amma fa ki gaya wa yayanku, binciken da aka yi a Holan aka buga a 2010 ya gwada hanyoyin biyu, ba a ga ta wuyan ta fi ta hannu warkarwa ba. Ga hatsarin shanyewar ɓarin jiki in gudan jini ya wuce ƙwaƙwalwa. Ni dai ban ga dalilin rabuwa da gona ba, ku fara abin da likitocinsa suka tsara tukuna.

Wani Malam daga Bichi: gyambo ne a harshena wata 2, an ce daji ne kuma daji ba ya son allura.

Malam wannan maganar ta cuci mutane da yawa wallahi, sai an gama shafe-shafe da hayaƙi da tsagar wanzami sannan a kawo mana mutum ko kunu ba ya iya haɗiyewa. Gyambon baki ko dashewar murya ko ƙululu a wuya da ya wuce sati 3 dubawa yake so. Ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano, a ɗan yanki nama a gwada, gwajin ba ya yaɗa ciwo. In kana shan sigari ko sa taba a baki ka ajiye daga yau.

Wata daga Kazaure: mijina tun da aka fara masa kemo kunnensa ke ƙara.

Aikin cisplatin ne, yana taɓa ji. Ki faɗa musu kafin zagaye na gaba, kar ku bari sai an tambaya, kuma ya riƙa shan ruwa sosai.