Saƙar rib mai kauri tana cinye mini zare, masu saye kuma ba sa ƙara kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Pantami, Gombe. Ina saƙa hulunan jarirai, safa da rigunan sanyi da tsinke. Kwanan nan na koyi saƙar rib mai kauri, wadda ake soka tsinke a layin ƙasa. Kowa ya gani sai ya ce ita yake so, amma a kan ₦2,500 da nake sayar da hula mai saƙa shimfiɗaɗɗiya. Ina aiki, kuɗi ba ya zama. Shin in ci bashi in sayi injin saƙa ne, ko in daina wannan saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa albarka a sana'a. Kada ki daina, kada kuma ki ci bashi yanzu. Abin da ke cinye kuɗinki shi ne kina sayar da kaya iri biyu a farashi ɗaya, alhali ɗaya ya fi ɗaya tsada tun daga hannunki.

Ki dubi yadda saƙar take. Rib ana yin ta ne da jeranta saƙar gaba da ta baya, ɗaya da ɗaya ko biyu da biyu, sai ta fito tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Wannan kwarin yana shigewa ciki, faɗin aikin ya tsuke, don haka sai kin ƙara zare kafin ki kai faɗin da saƙa shimfiɗaɗɗiya za ta kai cikin sauƙi. Ita kuwa mai kaurin da kika koya ta fi haka ci, domin duk layi biyu da kika yi, ido layi ɗaya yake gani. Tsawo yana tafiya a hankali, zare yana ƙarewa da sauri, ga kai zare gaba da dawo da shi baya da ke rage miki gudun hannu. Kyan da masu saye suke yabawa daga nan ya fito, kuma daga aljihunki ake biyansa.

Abin da nake so ki yi a wannan makon ba ya buƙatar jari. Ki saƙa hula biyu masu girma ɗaya da zare iri ɗaya, ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ɗaya rib mai kauri. Ki ɗora kowace a ƙaramin sikeli mai nuna giram, ko aron na masu yin kek ne, sannan ki rubuta awowin da kowace ta ci. Ga misali, ki cire lambobina ki sa naki: a ce ƙunshin zare mai giram 50 kin saye shi ₦1,500, wato kowane giram ₦30. Idan ta farko ta ci giram 30, zarenta ₦900 ne. Idan ta biyu ta ci giram 45, nata ₦1,350.

Sai ladan hannu, wanda mata masu sana'a a gida suka fi yafewa, ni kuma abin yana damuna ƙwarai. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 shi ne ₦70,000 a wata. Idan aka raba shi kan kwana 22 na aiki, awa 8 kullum, awa ɗaya ta kusa ₦400. Bai kamata awarki ta gaza haka ba, ke da kika koyi abin da ba kowa ya iya ba. To a ce hular farko awa 3 ce, ₦1,200. Ta biyu awa 5, ₦2,000. Ta farko ta tsaya miki a ₦2,100, ta biyu a ₦3,350, ba a sa kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa ba, ba a sa leda da data ba. A ₦2,500 kin ci ribar ₦400 a ɗaya, kin yi asarar ₦850 a ɗayar. Tunda kuma kowa ta biyun yake zaɓa, yawan ciniki yawan asara ne.

Saboda haka ki raba kayanki gida biyu. Na yau da kullum ki yi jikin shimfiɗaɗɗe, ki sa rib a bakin hula, bakin hannu, wuya da ƙugu kawai, da tsinken da ya ɗan fi na jikin siranta don ta kama sosai. A nan ne rib take aikinta na gaskiya: tana miƙewa ta koma, ba ta naɗewa. Mai kauri daga sama har ƙasa kuwa sai da oda, da farashinta daban, da kafin alƙalami wanda aƙalla zai sayi zaren. Idan mai saye ta ce ya yi tsada, kada ki yi ta rantsuwa. Ki miƙa mata hular ta ja da hannunta, ki gaya mata wannan za ta bi kan jariri yana girma, ba za ta matse shi bayan arba'in ba, kuma ciki da waje duk fuska ne. Wadda ke neman araha zalla gwanjo za ta nufa, kuma ba za ki iya gasa da dilar gwanjo ba. Kasuwarki ita ce mai neman kayan barka ko na suna da za a buɗe a gaban mutane a tambayi inda aka samo.

Maganar inji. Injin saƙa na gida mai gado ɗaya, wato jerin allurai ɗaya, saƙa shimfiɗaɗɗiya yake yi. Rib ta ainihi sai an haɗa masa gado na biyu, wanda sau da yawa daban ake sayensa. Idan kika ci bashi kika sayi mai gado ɗaya, kin ɗauki nauyi ba ki sami saƙar da ake zuwa wajenki dominta ba. Inji yana biyan kansa ne a aiki mai yawa iri ɗaya, kamar rigunan sanyi na 'yan makaranta. Ranar da wata makaranta ta ba ki oda a rubuce, a lokacin za mu yi wannan lissafin, kuma na fi son kuɗin ya fito daga adashi.

Ki kuma lura da lokaci. Hunturun Gombe daga wajen Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sai ɗan sanyin damina a Agusta. Daga Maris zuwa Mayu ba mai neman rigar sanyi, to nan ne lokacin saƙa da ajiya, amma ki fi yawaita ƙananan kaya don kada jarinki ya kwanta. Tun da aka saki naira a 2023 farashin kayan da ake shigowa da su bai zauna wuri ɗaya ba, don haka duk sarin zare ki sake lissafin giram. Zaren oda ɗaya ki saye shi gaba ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta daga rini zuwa rini. Idan kina da 'yan'uwa a Jos, ki tura musu hotuna ta WhatsApp. Sanyinsu ya fi namu daɗewa.

Zaren roba da aka fi samu a kasuwa ba ya son zafi. Ki gaya wa duk wadda ta saya kada ta sa masa dutsen guga, kada ta rataye shi da ruwa a jiki, ta shimfiɗa shi ya bushe. Guga ɗaya mai zafi tana kwantar da rib har abada, sannan a dawo a ce saƙarki ce ta saki.

Idan kin auna hulunan biyu, ki turo mini giram da awowin, mu fitar da farashin tare.