Tallafin gwamnati ga ƙungiyar marayu: karɓa da sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajin ƙungiyarmu ta mata, muna ciyar da marayu, muna biya musu kuɗin makaranta da na magani. Gwamnatin jiha ta amince za ta tallafa mana, sai wasu 'yan'uwa suka ce kada mu karɓa, wai kuɗin gwamnati cakuɗe yake da kuɗin ruwa da harajin giya. Jami'in da ya bi mana takardun kuma ya ce mu sa hannu mun karɓi duka, zai cire kashi ɗaya cikin biyar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka muku da alheri. Karɓar tallafin halal ne. Baitulmali dukiyar jama'a ce, marayu kuwa suna sahun gaba cikin masu haƙƙi a kanta.

Masu cewa haram ne, tsantseni ya kai su inda malaman farko ba su je ba. Gaskiya ne harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan saye, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, yana hawa har kan giya, kuma ana raba shi ga jihohi. To amma tare yake tahowa da kuɗin man fetur da na kwastan da sauransu, babu mai iya nuna naira ɗaya ya ce wannan ta giya ce. Alƙur'ani ya shaida Yahudawa suna cin riba, duk da haka Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wajen Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Ya kuma ce wa Sayyidina Umar, abin da ya zo maka na wannan dukiya ba ka roƙa ba, ba ka sa rai ba, ka karɓa. Imamu Malik ya karɓi kyautar sarakunan zamaninsa, alhali ba duk tarinsu ne mai tsarki ba. Zunubin tarawa yana kan wanda ya tara. Sannan ina tambayar 'yan'uwan nan: albashin mazajensu, da asibitin gwamnati da suke zuwa awo, daga wace taska suke fitowa? Wadda ta ga dama ta yi tsantseni a aljihunta, wannan falala ce. Amma ba ta da ikon yin tsantseni da abincin maraya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da kika ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba. Sa hannu a kan abin da bai shigo hannunki ba shaidar zur ce. Abin da jami'in zai cire kuwa ba ladan wahala ba ne, yana da albashinsa, kuma hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin karɓar zakka da Annabi (SAW) ya tsawatar a kan kyautar da ya karɓa a bakin aiki, ya rufe wannan ƙofa. Wannan ne bai halatta ba, ko da ƙin sa hannun zai jawo ku rasa tallafin gaba ɗaya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunanki za su gani a takarda, shi ba zai bayyana ko'ina ba. Ku ce masa a tura kuɗin kai tsaye ta banki, ku rubuta abin da ya shigo daidai. In ya ƙi, ku kai maganar ga na sama da shi, a rubuce.

In kuɗin sun zo, kada su kwana a asusunki na kanki. A buɗe na ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, a adana rasit. Abin da aka bayar don abinci da magani ba a rufin masallaci da shi, ba a bikin yaye ɗalibai, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In an sharɗanta a taimaki duk marayun unguwa, har da waɗanda ba Musulmi ba, ku cika, akwai lada.

Kuma kada ku sallami masu ba ku ɗari biyu, ɗari biyar duk wata don gwamnati ta shigo. Gwamnati tana canzawa, kasafi yana makara. Idan lokacin zaɓe ya zo aka ce ku jero yaran a ɗauki hoto da hular jam'iyya, ku ba da haƙuri.

Wallahu a'alam.